Wasan Intanet a Shimfiɗar Jinya

A gidajenmu, idan ciwo ya kwantar da mutum, an san abubuwan da ake ajiye masa kusa da shimfiɗa: buta, kwanon kunu, ƙullin magani, da rediyo idan babba ne. Yanzu wayar salula ta shiga wannan jeri, a wasu gidajen ma har da kwamfuta. Uwa takan leƙa ɗaki ta tarar ɗanta da zazzaɓi ya hana zuwa makaranta ya ƙura wa gilashin waya ido, yana magana da mutanen da ba ta gani. Ta ƙwace ne, ko ta bar shi ya ɗebe kewa? Amsa ba ta yiwuwa sai mun san irin wasan da yake yi, mun kuma san irin ciwon da ya kwantar da shi.

Wasan da muke nufi shi ne wanda masu harkar ke taƙaita sunansa da haruffan MMORPG. Dubban mutane ne ke shiga cikinsa lokaci guda ta intanet, kowa ya zaɓi jarumin da zai wakilce shi, ya raɗa masa suna, ya ba shi sana'a: mayaƙi, maharbi, maƙeri ko mai magani. Duniyar wasan tana da birane da kasuwanni da dazuzzuka, kuma da yawa daga cikin waɗanda jarumin ke gamuwa da su a hanya mutane ne na gaske, kowa na zaune a ɗakinsa a wata ƙasa. Mafi suna a cikinsu shi ne World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a 2004, wanda masu biyan kuɗinsa suka kai miliyan 12 a 2010. Masu jin Faransanci sun fi sanin Dofus, na kamfanin Ankama da ke arewacin Faransa, shi ma na 2004, wanda aka yi wa samfurin waya a 2016. Akwai kuma RuneScape na Ingila, tun 2001.

Abin da ya raba wannan wasa da saura, kuma shi muke so iyaye su riƙe, shi ne ba a tsayar da shi. Mai karatun littafi yakan naɗe shafi ya yi barci, amma duniyar wasan tana ci gaba ko kana nan ko ba ka nan. Manyan ayyukan cikinta kuma sai da taro: ƙungiya ce ke sa rana da awa don kai hari ga wani dodo, kowa da aikinsa, kuma a farkon World of Warcraft har mutum 40 ake tarawa a hari guda. Idan mai magani ya tashi a tsakiyar faɗa, sauran duk sun hallaka. Don haka idan yaro ya ce wa mahaifiyarsa "Inna, ba zan iya tashi yanzu ba", galibi ba rashin kunya ba ne, alkawari ya ɗauka ga mutane. Ƙungiyoyin Turai kuwa sukan yi harinsu da dare bayan tashi daga aiki, awa biyu ko uku a jere. Agogon Nijar da Kamaru da Chadi ɗaya ne da na Faransa a lokacin sanyinsu, a lokacin zafinsu kuma sun riga mu da awa guda, sai harin ya faɗo tsakanin Isha'i da tsakar dare, daidai lokacin da majinyaci ya fi bukatar ya runtsa.

A gajeren ciwo, a ganinmu, magana ba ta da tsawo. Mai zazzaɓin cizon sauro da aka ba Coartem zai sha shi sau shida cikin kwana uku, kuma ana so a haɗa shi da abinci ko madara don ya shiga jiki sosai. Yaron da ya ce "bari mu gama" yakan bar kunu ya huce, awar magani ta wuce. Likitoci na ba matashi shawarar barcin awa 8 zuwa 10 ko lafiyarsa lau, balle yana jinya. A irin waɗannan kwanaki ya sanar da abokan wasansa cewa ba shi da lafiya, su nemi wani a madadinsa. Idan jiki ya yi sauƙi da hantsi, ya shiga ya yi ƙananan ayyukan da ake yi shi kaɗai, kamar su kamun kifi da saye da sayarwa, waɗanda ake ajiyewa da zarar an kira salla ko an kawo abinci.

Doguwar jinya ita ce ke bukatar tsayawa a yi tunani: mai karayar ƙafa da zai yi wata biyu a kwance, mai amosanin jini da ciwonsa ke tashi a kai a kai, ko wanda naƙasa ta tsare a gida. Makon farko masu dubiya ba su yankewa. A mako na uku ƙafa ta ɗauke, abokai sun koma karatu da ƙwallo, yini ya yi tsawo.

Labarin wani saurayi ɗan ƙasar Norwe, Mats Steen, ya nuna abin da wasan ke iya zama ga irin wannan majinyaci. An haife shi a 1989 da ciwon Duchenne, wanda ke cinye ƙarfin tsoka sannu a hankali, har ya koma keken guragu, ya rasu a 2014 yana da shekara 25. Iyayensa suna ganinsa shekara da shekaru gaban kwamfuta, suna baƙin cikin cewa ɗansu zai bar duniya bai san abota ba. Da suka sanar da rasuwarsa a intanet, sai saƙonnin ta'aziyya suka yi ta zuwa daga mutanen da ba su taɓa jin sunansu ba. Ashe a World of Warcraft an san shi da suna Ibelin, cikin wata ƙungiya mai suna Starlight, mutum ne da ake kai wa kuka ya ba da shawara, har ya taimaka wa wata uwa ta samu kusanci da ɗanta. Wasu daga cikinsu suka taso daga ƙasashensu zuwa Oslo don jana'izarsa. A 2024 Benjamin Ree ya yi fim a kan rayuwarsa. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne gida ɗaya suke zaune, suna ƙaunarsa, suna hidimarsa dare da rana, amma sunayen aminansa sai bayan ransa suka ji su.

Ba kowace ƙungiya ce Starlight ba. A cikin wasannin nan akwai masu zagi, da masu damfara, da manya masu neman yara da mugun nufi. Akwai kuma kuɗi, na wata da na intanet da na kayan ado da ake saya wa jarumi, a gidan da kuɗin magani ya riga ya yi nauyi. Labaran wasannin ma cike suke da alloli da tsafi na ƙage, abin da ya kamata uba ya tattauna da ɗansa a fili. Duk wannan ba a gane shi daga bakin ƙofa, sai an zauna gefen shimfiɗar an ce: nuna mini jaruminka, su wa kuke wasa da su, shekarunsu nawa, sun san kana jinya?

Haɗarin da ya fi girma yakan bayyana bayan an warke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta a 2019, kundin ya fara aiki a 2022. Ma'auninta ba yawan awoyi ba ne. Alamu uku ta duba: mutum ya kasa iko da lokacin farawa da dainawa, wasan ya sha gaban sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, galibi tsawon wata 12 ko fiye. Wanda ya yi awa biyar a yini saboda ƙafarsa na ɗaure bai shiga wannan sahu ba. Wanda aka kwance wa ɗauri amma ya ce har yanzu ba ya iya zuwa makaranta ko masallaci, alhali yana iya kai tsakar dare yana hari, shi ne za a sa wa ido. Shi ya sa ya fi kyau a yi yarjejeniya tun ranar farko, a gaban uba da uwa, cewa awoyin jinya na jinya ne, ranar da likita ya sallame shi za su ragu.

Duba mara lafiya haƙƙi ne da Musulmi ke bin ɗan uwansa, kuma abokan wasa ba su sauke mana shi ba. Mai dubiya da ya tarar da yaro cikin hari kada ya ɗauka an wulaƙanta shi ya juya. Ya gaisa da mutanen gida, ya tambayi awar da yaron ke sarari, ya dawo jibi da la'asar. Shi kuma yaron a koya masa cewa idan baƙo ya yi sallama, zai rubuta wa abokan wasansa cewa an zo duba shi, ya cire abin kunne, ya kife wayar.