Darasin Zane A Bayan Naira Ashirin

Ɗauko takardar naira ashirin ka juya bayanta. Matar nan da ke ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali. Ba ta yi boko ba, a gida ta koyi sana'ar tun tana yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, kuma ita ce mace ta farko a wurin. Tana ƙawata tulunanta da zanen ƙadangare, kunama, kifi da kada. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa.

To, a makarantu da yawa darasin zane ya koma kwafar rubutu daga allo, wai don babu fenti. Amma yumɓu fa? Yana nan bakin rafi, kyauta. Gawayi ma yana zane, lalle yana rini.

Ku roƙi malaminku ya gayyato mai ginin tukwane ta unguwa ta yi muku darasi ɗaya. Abin da kuka gina ku shanya shi a inuwa, don zafin rana kan tsaga ɗanyen yumɓu.