Yadda za ku auna almanak ɗin tarihin sarakunan Kontagora

A shagunan tela da zaurukan Ibeto, kamar sauran garuruwan masarautar Kontagora, ba a rasa almanak mai jerin sarakuna a bango. Yanzu kuma irinsa na yawo a WhatsApp da Facebook. Mutane kan yaba kala da ƙyallin takarda, alhali aikin irin wannan zane shi ne ya nuna wa ido tafiyar lokaci, kuma a nan ne da yawa suke faɗuwa.

Ku fara duba tazarar da aka ba kowane sarki. Abubakar Modibbo ya yi sarauta daga 1876 zuwa 1880, shekara 4 kacal. Sa'idu Namaska kuwa ya hau a 1974, ya rasu a 2021, wato shekara 47. Idan mai zane ya ba su gurbi mai faɗi ɗaya, yaron da ke kallo zai ɗauka zamaninsu daidai yake. Zane mai kyau yana ja layi guda, ya raba shi gwargwadon shekaru kamar awon tela, ta yadda tun kafin a karanta lamba ido ya riga ya gane wanda ya daɗe.

Sai batun giɓi, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci. Ana yawan rubuta Ibrahim Nagwamatse da 1880 zuwa 1929, shi ke nan. Amma a 1901 Turawan Ingila suka ci Kontagora da yaƙi, ya bar gari, sai a 1903 aka maido shi kan karaga. Waɗannan shekaru biyu su ne mahaɗar zamanin da masarautar ke cin gashin kanta da zamanin mulkin mallaka. Almanak ɗin da ya shafe su don layi ya fito sumul ya ɓoye wa mai kallo babban juyi. Ya kamata a ga yankewar layin, da ɗan bayani a gefe.

Haka nan farkon jerin. Wani zai sa 1859, wani 1864, sai gardama ta tashi. A 1859 Sarkin Musulmi ya ba Umaru Nagwamatse sarautar Sarkin Sudan, a 1864 kuma Umaru ya mai da Kontagora mazauninsa. Kowace shekara tana buƙatar a rubuta abin da ya faru a cikinta. Idan an haɗa da lissafin Hijira, a ware shi a layinsa, domin shekararta ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11.

Ku lura da kibiyoyi ma. Jerin hawa karaga daban, salsala daban. Modibbo da Ibrahim duk 'ya'yan Umaru ne, don haka kibiyar da ta sauko daga ɗaya zuwa ɗaya tana iya sa a zaci uba ne da ɗa.

Game da hotuna, Umaru Nagwamatse ya rasu a 1876, shekaru kafin Turawa su mamaye yankin. Idan kun ga fuska fes a kan sunansa, ku tambayi inda aka samo ta, musamman yanzu da kwamfuta ke ƙirƙirar fuskoki. Mai zane na gari zai rubuta cewa zane ne, ko ya bar sunan kawai cikin manyan baƙaƙen da dattijo zai iya karantawa daga bakin ƙofa.