Batir Mai Shan Alkohol da Hanyoyin Ƙara Masa Ƙarfi

Batir mai shan alkohol na'ura ce da ke samar da wutar lantarki kai tsaye daga metanol ko etanol, ba tare da an ƙona man ba. Ba a yi masa caji. Muddin da mai a tankinsa, wuta ba za ta yanke ba, kuma babu ƙara ko baƙin hayaƙi irin na janareta. William Grove na Birtaniya ne ya kafa tushen fasahar a 1839, amma nau'in da ke shan ruwan metanol bai kankama ba sai a farkon shekarun 1990, bayan aikin haɗin gwiwa tsakanin cibiyar JPL ta hukumar NASA da Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka.

Cikin batirin kashi biyu ne, da siririn tantani a tsakani. A gefe ɗaya ana shigo da metanol gauraye da ruwa, ya bi ta kan ƙarfen filatinam, wanda ke wargaza shi. Kowace ƙwayar metanol tana sakin ilektaron 6. Su ne ke bin waya su zama lantarki. Furoton da metanol ɗin ke saki tare da su kuwa sai su ratsa tantanin, su haɗu da iskar oksijin a ɗaya gefen, su zama ruwa. A lissafi, batir ɗaya mai kashi biyun nan zai ba da bolt 1.2, amma a aikace da wuya ya wuce rabin haka. Cike wannan giɓi shi ne abin da masu bincike suka sa a gaba.

Matsala ta farko ita ce iskar kabon monoksaid da ke fitowa ana tsakar aiki, ta manne wa filatinam ta toshe shi. Maganinta shi ne a gauraya filatinam ɗin da ƙarfen ruteniyam, wanda ke taimakawa wajen kawar da ita. Filatinam kuma yana da tsada, yawancinsa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi, don haka ake baza shi ƙwaya-ƙwaya a kan garin kabon domin kaɗan ya yi aikin mai yawa.

Ta biyu ita ce yoyo. Tantanin Nafion, wanda kamfanin DuPont ya ƙirƙiro, yana barin metanol ya tsallaka ɗaya gefen, inda yake salwanta a banza ya kuma rage ƙarfin wutar. Shi ya sa ake tsarma shi sosai, wajen kashi 3 cikin 100 na ruwan. Idan aka ƙara zafi zuwa digiri 60 ko sama, aikin yana sauri, amma yoyon ma yana ƙaruwa, sai an nemi tsaka-tsaki.

Etanol ya fi metanol aminci, domin metanol guba ne mai makantarwa. Sai dai ƙwayar etanol tana da kabon biyu masu wuyar rabuwa. Maimakon ilektaron 12 da ya kamata ta saki, sau da yawa 2 ko 4 kawai ake samu, aikin ya tsaya a rabin hanya. Ana gwada haɗa filatinam da kuza, da kuma sauya tantanin zuwa nau'in alkali, wanda ke karɓar ƙarafa masu sauƙin kuɗi.

Tsabtar wannan makamashi tana rataye ne ga inda aka samo man, domin batirin yana fitar da iskar kabon dayoksaid. Yawancin metanol daga iskar gas da kwal ake yin sa. Etanol kuwa daga rake, masara ko rogo yake fitowa, kuma kabon ɗin da yake saki shi ne wanda shukar ta zuƙa tun tana gona.