Madacin Da Ya Faɗi A Dayi: Darasi Ga Ikkilisiyoyi Masu Neman Katako

Daga wani katikis, Dayi

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin gini ya san cewa bayan kwano babu abin da ke cin baikon ikkilisiya kamar katako. Mu da ke Dayi, a Ƙaramar Hukumar Malumfashi, in muna son mai kyau sai mu bi hanyar Gwarzo zuwa 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ga kuɗin kaya ga kuɗin mota. Shi ya sa da iskar farkon damina ta kayar da wani tsohon madaci a gonar ɗaya daga cikin dattawanmu, ya kuma ba da shi kyauta domin bencunan majami'a, muka ce Ubangiji ya tanada.

To, amma gaggawa ta ci mu. Mun ɗauko mai injin yankan itace, ya tsaga gungumen cikin kwana biyu, kafinta kuwa ya buga bencuna da ɗanyen katako domin a zauna a kansu ranar godiyar kaka. Ranar kowa ya yaba. Da hunturu ya shigo sai falankai suka fara lanƙwashewa, bakinsu ya tsattsage, ƙusoshi suka saki. Kafin Ista, da yawa daga cikinsu sun koma jingine a bayan majami'a, zumuntar mata kuma suka koma kan tabarma. Laifin ba na madaci ba ne, namu ne.

Dalili kuwa shi ne ɗanyen itace cike yake da ruwa, in yana bushewa yana tsukewa. Baki da fuskar falanki sukan riga ciki bushewa, sai su ja, cikin ya ƙi, katako ya tsage. Ga abin da muka koya, muka kuma gwada da sauran gungumen.

Da fari, a nemi izini wurin ma'aikatan gandun daji tun kafin inji ya taɓa itace, ko da iska ce ta kayar da shi. Bai kamata a ce ikkilisiya ce ta karya doka ba.

Na biyu, a shafa wa bakin gungume tsohon fenti mai kauri da zarar an datsa shi, kada kuma a bar shi ya daɗe a ƙasa, domin gara ba ta jira.

Na uku, a daidaita da mai inji tun kafin ya fara. A kasuwa tsawon katako ƙafa 12 ne, amma benci bai bukaci haka ba, gajeren gungume ma ya isa. A ce ya ƙara kauri kaɗan bisa inci 1 ko inci 2 da ake so, gama katako zai tsuke, kafinta kuma zai goge. A fitar da tsakiyar gungumen dabam, nan ne tsagewa ke farawa. Farin gefen da ke bin ɓawo kuwa abincin ƙwari ne, jan cikin shi ne mai ƙarko. A kuma sani inji mai sarƙa yana mayar da itace mai yawa gari, saboda haka in akwai halin kai gungume wurin babban zarto, an fi samun falankai.

Na huɗu, shanya. A jera falankai a inuwa bisa bulo, nesa da ƙasa, a sa busassun sanduna tsakaninsu kowace ƙafa 2, sandan sama daidai kan na ƙasa, sa'an nan a danne da duwatsu. A kare su daga rana da iskar hunturu. Aikin watanni ne, mai kauri kuma ya fi daɗewa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a ɗauki falanki guda a riƙa auna shi kowane mako a sikelin masu sayen auduga. In nauyinsa ya daina raguwa, ya bushe.

Akwai kuma magana mai nauyi fiye da benci. Madaci, kawo da maɗobiya suna ƙarewa. Saboda yawan jigilar maɗobiya daga Afirka ta Yamma zuwa ƙasar Sin, a shekarar 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke taƙaita cinikinsu, a 2022 kuma aka ƙara da madaci da kawo. Kubawar Shari'a sura 20 ta hana Isra'ilawa sare itatuwa masu 'ya'ya ko a lokacin yaƙi, balle mu da ɗorawa da kaɗanya ke ba matanmu daddawa da man kaɗe. Kada a sare su domin katako. Dattijon da ya ba mu madacin nan ba shi ya dasa ba, ya tarar da shi ne. Mu fa, me jikokinmu za su tarar?

Sulemanu ya kwaso itacen al'ul daga Lebanon ta hannun Hiram sarkin Taya, duk da dubban ma'aikatansa sai da ya yi shekara 7 yana gina Haikali. Ubangijinmu Yesu kansa, bisa ga Markus sura 6, mutanen garinsu da sassaƙa suka san shi. Aikin katako ba abin rainawa ba ne, ba kuma na gaggawa ba ne. Bencunanmu na biyu sun jira har wata kaka, yau suna nan daram, matasa kuma sun dasa madaci a gefen filin majami'a suna ba shi ruwa da rani.

Dattawa da shugabannin ikkilisiya, in itace ya faɗo hannunku, ku yi haƙuri da shi. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon amana. Amin.