Kiɗan Makoki A Gidan Masu Kisa

A cikin shekarar 1972 aka fitar da wani fim a Amurka mai suna The Godfather, wanda Francis Ford Coppola ya shirya daga littafin Mario Puzo. Labari ne na zuriyar Corleone, mutanen tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, waɗanda suka kafu a birnin Niyok ta hanyar caca da toshiya da kisan kai. Wanda ya tsara kiɗan fim ɗin kuwa shi ne Nino Rota, mutumin Milan, wanda aka haifa a 1911, ya rasu a birnin Rum a 1979.

To, a da, al'adar finafinan miyagu ita ce kiɗa ya firgita mai kallo, ganguna su yi ruri, gogen Turawa su yi tsuwa, har zuciya ta riƙa dukan uku-uku. Rota bai bi wannan hanya ba. Tun allo yana baƙi ƙirin, ba a ga kowa ba tukuna, sai a ji ƙahon tagulla guda ɗaya tak, ba ganga ba amshi, yana jan sauti a hankali kamar mai kukan rashi. Kakaki kan yi shelar fitowar sarki da alfahari, amma wannan ƙaho shelar wata sarauta yake yi wadda baƙin ciki ya riga ya shiga gidanta. Takensa na rawar wals ne mai taki uku, irin wadda ango da amarya kan taka ran biki, sai dai an sassauta shi har ya koma na makoki.

A nan ne hatsarin yake. Idon mai kallo yana ganin masu zub da jini, alhali kunnensa yana gaya masa cewa uba ne da 'ya'yansa, abin tausayi. Sa'ad da Michael, autan mazan gidan, ya gudu Sisili ya yi aure, sai aka sako taken soyayya da goge da mandolin, wani ɗan molo na Italiyawa, mai daɗin da ke mantar da mutum cewa angon nan rai biyu ya ɗauka kafin ya tsere. Kiɗan yana faɗin yadda mutanen gidan ke ganin kansu ne, kuma wanda bai yi hattara ba sai ya tashi yana ƙaunarsu.

Wurin kisa kuwa Rota yakan yi shiru. A gidan abincin da Michael ya harbe mutum biyun nan babu kiɗa ko kaɗan, sai ƙarar jirgin ƙasa tana ta hauhawa, kuma ba a saki makaɗa ba sai bayan ya yar da bindiga.

Kiɗan da kansa ya sha gwagwarmaya. Robert Evans, babban jami'in kamfanin Paramount, bai so shi ba, ya nemi a cire, Coppola ya kafe. Daga baya aka sa shi cikin masu neman kyautar Oscar ta 1973, sa'an nan aka janye sunansa, domin an gano Rota ya taɓa amfani da taken soyayyar a wani fim na ban dariya, Fortunella, na 1958, inda ake kaɗa shi da sauri da raha. Kyautar ta tafi hannun Charlie Chaplin da abokan aikinsa, saboda kiɗan Limelight, fim ɗin da aka yi tun 1952. A 1975 kuma aka ba Rota da Carmine Coppola, mahaifin mai shirya fim ɗin, wannan kyauta saboda kashi na biyu na The Godfather, wanda a cikinsa ma an sake kaɗa taken nan da aka hana shi dominsa.