Gwaji a Jikin Yara Masu Ciwon Sukari: Ina Gaskiya, Ina Ji-ta-ji-ta?

Idan likita ya nemi izinin uba a sa ɗansa mai ciwon sukari ko matsalar girma cikin bincike, kafin uban ya kai gida ya sha fatawa. Wannan ya ce jinin yaron za a sayar, waccan ta ce allurar hana haihuwa ce, wani kuma ya taya shi murna wai Turawa sun kawo maganin warkewa. Ba duka ne ƙarya ba, shi ya sa abin yake da wuyar warwarewa.

Maganar cewa an taɓa cutar da yara da sunan gwaji tana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A ɓangaren sinadaran girma ma akwai tabo: kafin 1985, daga gawarwakin mutane ake tatso sinadarin da ake yi wa yaran da tsawonsu ya tsaya allura da shi a Amurka da Turai, har aka gano wasunsu sun kamu da wata cutar ƙwaƙwalwa mai kisa, aka daina, aka koma wanda ake haɗawa a ɗakin gwaji. To wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ya gudu, ba za a ce masa matsoraci ba.

Abin da ya sauya shi ne tsari. Tun 2007 Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa. Dole kwamitin ɗa'a ya duba bincike kafin a taɓa yaro, in kuma sabon magani ne sai hukumar NAFDAC ta amince. Ana neman yardar iyaye a rubuce, bayan an yi musu bayani da harshen da suke ji, kuma yaron da ya yi wayo shi ma ana tambayarsa. A ganina wannan tsari ba ya tsare wanda ya dangwala hannu bai tambayi komai ba. Uba yana da ikon cewa a nuna masa shaidar amincewar kwamitin, a kuma ba shi kwafin takardar ya tafi gida a karanta masa.

Batun cewa za a janye wa yaro insulin a ba shi ruwan banza don a ga abin da zai faru, wannan ƙarya ce. Ciwon sukarin da ya fi kama yara, nau'i na ɗaya, ba shan zaƙi ke kawo shi ba. Garkuwar jiki ce ke juyawa ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin. In aka hana irin wannan yaro allurarsa, cikin 'yan kwanaki zai iya suma ya mutu. Ƙa'idojin Helsinki na binciken lafiya a kan mutane, da aka fara tsarawa a 1964 ana kuma sabunta su, ba su yarda a hana majiyyaci ingantaccen magani ba inda hakan zai jawo masa mummunar illa. In akwai ƙwayar da ba ta ɗauke da magani a cikin gwaji, ƙari ce a kan insulin, ba madadinsa ba. Bincike da yawa ma babu sabon magani a cikinsu sam: awon tsawo ne da nauyi, da tambayoyi, da duba fayil.

Jini kuwa ana ɗiba, amma kaɗan, gwargwadon nauyin yaro. Da shi ake gane matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku da suka wuce, ko a auna sinadarin maƙogwaro wanda ƙarancinsa ke daƙile girma da kaifin basira. Gaskiya ne wani lokaci ana ajiye shi ko a aika da shi ƙasar waje don awon da ba a yi a nan. Ya kamata takardar ta faɗi haka ƙarara; in ba ta faɗa ba, a tambaya. Zancen hana haihuwa kuma ya zo a juye, domin sukarin da ba a kula da shi ba ne ke jinkirta balaga.

Sa hannu ba ɗaurin aure ba ne. Iyaye na iya janye ɗansu kowace rana ba tare da ba da dalili ba, kuma bai halatta a rage masa kulawar da yake samu a asibiti saboda haka ba.

Ji-ta-ji-tar da ta fi ba ni tsoro ita ce mai daɗin ji, wato cewa bincike zai warkar da yaro. Bincike ya yi rana, ba shakka. Leonard Thompson, ɗan shekara 14 da aka fara yi wa allurar insulin a Toronto a Janairun 1922, yana bakin mutuwa ne, ya ƙara shekara 13 a duniya. Babban binciken da aka kammala a Amurka da Kanada a 1993, mai mutum 1,441 har da matasa daga shekara 13, shi ya tabbatar cewa matse sukari yana rage lalacewar ido da ƙoda da jijiyoyi. Amma ribar irin wannan aiki takan fi zuwa ga yaran da ke baya, ba lalle ga wanda ya shiga ba. Ko maganin teplizumab da Amurka ta amince da shi a 2022, jinkirta bayyanar ciwon yake yi da kimanin shekara biyu ga masu shekara takwas zuwa sama da alamunsa suka fara nunawa a jininsu. Ba ya kawar da shi.

Haka batun kuɗi. Akan biya kuɗin mota da na ɓata lokaci, wani binciken ya ba da awo ko na'urar duba sukari kyauta muddin ana cikinsa. Sai dai a tambaya tun farko: in an gama, wa zai ci gaba da sayen kayan, kuma in yaro ya samu illa, wa zai biya kuɗin jinyarsa?