Daga Azare zuwa Gamawa: Abin da ma'aikaci ya kamata ya sani game da ibadar abokin aikinsa ɗan Katolika

Jami'in da aka tura daga Abuja zuwa Azare ba ya daɗewa kafin ya lura cewa ofishin tarayya a nan ma ƙaramar Najeriya ce. Asibitin Tarayya na garin da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya, wadda aka kafa a 2021, sun tattaro likitoci da ma'aikatan jinya da malamai daga Filato da Binuwai da Kudancin Kaduna da ƙasar Ibo, kuma da dama daga cikinsu 'yan Katolika ne. Garin kuwa hedikwatar Masarautar Katagum ce, ƙasar Musulunci tun zamanin Malam Zaki. Saboda haka wanda ke tsara jadawalin aiki, ko hadimin da ke raka maigidansa jana'izar abokin aiki, yakan tsinci kansa yana yanke hukunci a kan ibadar da bai taɓa ganin yadda ake yin ta ba. Galibin kurakuran da ake yi a nan ba na mugunta ba ne, amma wanda aka yi wa su yakan daɗe bai manta ba.

Cocin Katolika ba ta daɗe da samun cikakken tsari a wannan yanki ba. Limaman ƙungiyar SMA sun sauka Shendam a 1907, sai dai gwamnatin Turawa ta taƙaita aikin mishan a cikin masarautu, don haka Katolika ta shigo garuruwan Katagum ne ta hannun baƙi, wato ma'aikata da 'yan kasuwa. A 1996 aka yanke yankin Bauchi daga Jos, a ƙarshen 2003 kuma ya zama cikakken dayosis mai kula da jihohin Bauchi da Gombe. Bishof na farko, John Moore, ɗan ƙasar Ayilan ne, ya rasu a 2010. Malachy John Goltok ya gaje shi har rasuwarsa a 2015. Tun 2017 kuma Hilary Nanman Dachelem ke riƙe da kujerar. Duk Fadan da ke aiki a Azare yana ƙarƙashin Bishof na Bauchi ne, shi kuma Bishof Paparoma ne ya naɗa shi. Wannan jerin shugabanci na ɗaya daga cikin abubuwan da suka bambanta Katolika da coci irin su ECWA da COCIN. Limaminsu "Fada" ake ce masa, ba "Fasto" ba, kuma ba ya aure, don haka hadimin da ya aika gaisuwa ga "uwargidan Fada" ya jawo wa maigidansa abin dariya.

Ginshiƙin ibadar shi ne Mas, kuma halartarsa ran Lahadi wajibi ne a dokar cocin, ba zaɓi ba. Kashi biyu ne. A na farko ana karatu daga Littafi Mai Tsarki, a karanta Linjila jama'a na tsaye, Fada ya yi wa'azi. A na biyu ana kawo gurasa da ruwan inabi kan bagade, Fada ya keɓe su, kuma a imanin Katolika daga wannan lokaci sun zama jiki da jinin Almasihu na haƙiƙa, ba alama kawai ba. Daga nan ne duk sauran ladubban suka samo asali: durƙusawa, yin shiru, da ƙin ci ko sha na sa'a guda kafin karɓa, ban da ruwa da magani.

A nan ne baƙo ya fi saurin tuntuɓe. Idan jama'a suka tashi suka jeru zuwa gaba, mai kunya yakan bi sahu don kada a ce ya raina taro. Bai kamata ba. Gurasar ta 'yan Katolika ce da aka yi wa baftisma aka kuma shirya su; ko Kiristan wata ɗarika ba a ba shi a al'ada, balle Musulmi. Zama a kujera shi ne ladabi, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Haka ma ba a bukatar baƙo ya durƙusa ko ya zana alamar gicciye; ya tsaya idan an tsaya, ya zauna idan an durƙusa. Jami'in tsare-tsare ya kuma sani cewa Mas ɗin jana'iza ba taron jawabai ba ne. Idan za a ba wakilin gwamnati dama ya yi ta'aziyya, sai kusa da ƙarshe, da izinin Fada, kuma gajere.

Ga mai tsara jadawali akwai sauƙi da ba kowa ya sani ba: dokar cocin ta yarda Mas na yammacin Asabar ya wadatar a madadin na Lahadi, kuma ma'aikaciyar jinyar da kula da majinyata ya hana ta zuwa ba ta da laifi. Matsalar ta fi tsanani a ƙananan garuruwa. Ma'aikaci ko ɗan bautar ƙasa da aka tura wuri kamar Gamawa ko Udubo zai iya samun kansa nesa da inda Fada yake zaune. A irin waɗannan wurare katikis ne ke riƙe da jama'a: yana jagorantar karatu da addu'a, yana koyar da yara da manyan da ke shirin baftisma, amma ba ya iya keɓe gurasa. Shi ya sa neman izinin tafiya Azare a ƙarshen mako, musamman a makon Ista, ba lallai ba ne ya zama dabarar guje wa aiki.

Sakramenti bakwai cocin ke da su, amma uku ne suka fi shafar wanda ke aiki a asibiti. Majinyacin da jikinsa ya tsananta zai nemi a kira masa Fada don ya shafa masa mai, ya kuma saurari furta zunubansa. Fada kaɗai ke yin waɗannan biyun. Katikis ko Sista ko faston wata coci ba sa maye gurbinsa, komai kyawun niyya. Jinkirta kiran har gari ya waye na iya nufin mutum ya cika ba tare da abin da ya fi bukata a ransa ba, kuma iyalinsa za su riƙe wannan fiye da kuɗin magani. Abin da aka faɗa wa Fada a wurin furta zunubi sirri ne da ba ya fita ko da kotu ce ta nema. Limamin da ya tona shi ya fitar da kansa daga tarayyar coci nan take. Na ukun shi ne baftisma: idan jariri na bakin mutuwa kuma ba Fada a kusa, dokar ta ba kowa damar yi da ruwa, muddin ya yi da niyyar da cocin ke nufi, don haka kada a yi mamakin ganin uwa tana roƙon ma'aikaciyar jinya 'yar Katolika ta taimaka.

Azuminsu ma yakan rikita Musulmi. Yana farawa ran Larabar Toka, ranar aiki ce ba hutu ba, kuma tabon da ake gani a goshin ma'aikaci da safe toka ce da aka shafa masa a coci don tuna mutuwa da tuba. Ba datti ba ne da za a miƙa masa hankici. Kwana 40 ne ban da Lahadi, har zuwa Ista. Sai dai ba kamun baki ba ne daga alfijir zuwa faɗuwar rana. Abin da doka ta wajabta wa masu shekara 18 zuwa 59 shi ne cin cikakken abinci sau ɗaya ran Larabar Toka da ran Juma'ar tuna gicciye, tare da ƙaurace wa nama a waɗannan ranaku da sauran Juma'o'in lokacin. Ruwa bai karya shi. Mai shirya abincin taron bita a irin wannan Juma'a, kifi zai tanada. A 2025 azumin biyu sun haɗu, Ramadan ya kama a farkon Maris, Larabar Toka ta faɗo 5 ga watan, kuma a shekarar ne rufe makarantu na tsawon Ramadan a Bauchi da wasu jihohi ya jawo ƙorafi daga majalisar bishof-bishof na Katolika.

Akwai bambancin aƙida da ba a ɓoyewa. Katolika na imani da Allah ɗaya cikin uku, da allahntakar Yesu da gicciye shi, abubuwan da Musulunci bai yarda da su ba. Game da Maryamu kuwa, koyarwarsu ita ce suna girmama ta suna neman ta yi musu roƙo, ba bauta mata suke yi ba, kuma carbin da ake gani a hannunsu na ƙirga waɗannan addu'o'i ne. Babban taron Batikan na 1962 zuwa 1965, wanda ya buɗe ƙofar yin Mas da harsunan gida a maimakon Latin, shi ne kuma ya fitar da takardar da ta ce cocin na kallon Musulmi da mutuntawa. Ɗan Najeriya, Kadinal Francis Arinze, ya shugabanci ofishin Batikan na hulɗa da sauran addinai daga 1984 zuwa 2002. Albarkacin wancan taro, Bakatagumin da ya raka abokin aikinsa coci a Arewa yau zai iya jin karatu da waƙa da wa'azi cikin Hausar da yake ji a kasuwar Azare.